Mdou Moctar: Yadda Ɗan Abzin Ya Baro Kiɗan Fiyano a Sakkwato Ya Rungumi Jitar Rok

A bakin layinmu a Tudun Wadan Gombe akwai wani Ba'abzine mai gadin shaguna. Da an idar da sallar isha'i zai jawo ɗan murhunsa na waya, ya hura gawayi, ya ɗora 'yar butar shayin nan shuɗiya da ba ta fi dunƙulen hannu ba, sannan ya jingina wayarsa da gwangwanin sukari ya saki kiɗa ƙasa-ƙasa. Na yi shekaru ina wucewa, iyakarmu sallama da "ya aiki". Ranar da na ja birki, wata waƙa ce ta tsayar da ni. Daga bugun farko na ɗauka ta fim ɗin Hausa ce: gangar fiyano mai tsalle-tsalle, ga murya tana karkarwa irin wadda na'ura ta murɗa, sak waƙoƙin da muke tura wa juna ta Bluetooth a wajajen 2009. Abin da ya ɗaure mini kai, ko kalma ɗaya ban tsinta ba.

Na ce, "Malam, wane mawaƙin Kano ne wannan da ya iya yarenku haka?"

Ya yi dariya har amawalinsa ya zame. Ya ce ɗansu ne, kuma a Sakkwato ya yi ta, ba a Kano ba. Sai ya latsa wayar ya sako wata. Wannan karon jitar lantarki ce take kururuwa, ganguna na bin ta a sukwane kamar an saki dawaki ranar hawan sallah, ƙaramar lasifikar wayar har tana shaƙewa. Ya miƙo mini ɗan kofi ya ce, "Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun."

Mutumin shi ne Mdou Moctar na Nijar. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Muhammadu Sulaiman ke nan a bakinmu. A yau yana cikin makaɗan jita da suka fi tashe a duniya. Masu sharhin kiɗa a Turai da Amurka suna ba da labarinsa da fasali guda: wai ya fara da wani baƙon kiɗan na'ura, na gwaje-gwaje, mai wuyar sha'ani, daga baya ya gangaro zuwa kiɗan rok wanda kowa ke iya ji ya girgiza kai. Idan kana zaune a Niyok haka labarin yake. Idan kana zaune a Gombe, labarin a kife yake: wancan na farkon shi ne tuwon gidanmu, na biyun ne baƙon abinci. Sauƙin shiga kunne ya danganta da kunnen wa ake magana, kuma a nan duk sirrin sauyin nasa yake.

An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Tawa, wajajen Cintabaradan. Duk ɗan Nijar da ya manyanta ya san sunan garin nan, domin kashe-kashen da aka yi a can a watan Mayun 1990 suna cikin abin da ya kunna wutar tawayen Abzinawa na farko, wanda bai lafa ba sai da yarjejeniyar 1995. A wancan zamanin jita ba abin shaƙatawa kaɗai ba ce a Abzin. Samarin da farin 1973 da na 1984 ya tarwatsa zuwa Aljeriya da Libiya su suka ƙirƙiro salon, ƙungiyar Tinariwen ta mutanen Mali tana kan gaba, kuma kaset ɗinsu saƙo ne da ake ɓoyewa a cikin kaya. A ɓangaren Nijar babban mai wannan aiki shi ne Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020. Wasansa Mdou ya gani yana yaro, abin ya shiga ransa. Gidansu gidan addini ne, ba su yarda da kiɗa ba. Wannan kam ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba, mun san kallon da ake yi wa ɗan malamai idan ya ce zai zama makaɗi. Sai ya sami katako ya ɗaura masa wayoyin birkin keke ya yi jitarsa. Kada mu yi mamaki, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ai gwangwanin kifi ne aka rufe da fata, kuma da shi ya zagaya duniya. Ƙari a kan haka Mdou bahago ne, komai a juye ya koya.

Abin lura na farko ke nan: makaɗin jita ne tun fil azal. Na'ura daga baya ta shigo.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar. Wanda ya san hanya ba zai tambayi dalili ba. Daga Tawa ka gangaro Ƙonni, ka tsallaka Illela, ga ka a Sakkwato; ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, kuma yaren kasuwa ɗaya ne. A lokacin arewacin Nijar na cikin tawaye na biyu, wanda ya ɗauki 2007 zuwa 2009, yankin Agadas na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, har wani fitaccen makaɗin jitar garin, Bombino, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. A wannan gefen iyaka kuwa kasuwar fim ɗin Hausa ta haifar da ƙananan situdiyoyi birjik, kuma aikinsu da araha.

Mu da muka san irin waɗannan ɗakuna ba sai an zana mana ba. Ɗaki ne ciki ɗaya, an manna soso da kwalin ƙwai a bango, ga fiyanon Yamaha, ga kwamfuta, ga makirfo ɗaya a wani lungu da aka kare da labule. Mawaƙi zai rera karin da baki, mai kiɗa ya bi shi da yatsu, ya zaɓo ganga daga cikin fiyanon, ya ɗora sarewa, ya ɗora kalangun ƙarya, kafin la'asar waƙa ta haɗu. Abin da ake kira nanaye ko kiɗan fiyano ke nan. Ba a tambayar baƙo wane salo yake so, salon gidan guda ne, kamar telan da duk yadin da ka kai masa ɗinkin da ya iya zai yi maka. Mdou ya shiga da waƙoƙin bege na Tamashek, yaren Abzinawa, da jitarsa, aka yi masa ɗinkin Kano. Har da hular, wato Auto-Tune.

Wannan manhaja ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ita ce ta sa Turawa suka ji kundin kamar daga wata duniya ya faɗo. Wani injiniya Ba'amurke, Andy Hildebrand, ya fito da ita a 1997 a kamfanin Antares. Kafin nan aikinsa nazarin amon da ake harbawa cikin ƙasa ne don neman man fetur. Lissafin da ke gano inda mai yake shi ya juya ya koma gano inda murya ta kauce. Aikinta shi ne ta saurari muryar mawaƙi, in ta zame daga sautin da ya dace ta jawo ta ta mayar. Idan an saita ta tana gyaran a hankali, ba mai gane an taɓa muryar. Idan kuwa aka ƙure saurin, ba ta barin murya ta gangara daga wani sauti zuwa wani a sulale, sai ta riƙa cilla ta daga mataki zuwa mataki. Ka ɗauka gangaren tudu ne aka sassare shi ya koma matakala. Karkarwar nan da muke ji ke nan. A 1998 mawaƙiya Cher ta fito da wannan ƙurewar fili a waƙarta Believe, duniya ta ɗauka.

A ƙasar Hausa abin ya sami gindin zama fiye da inda aka ƙirƙiro shi, kuma da dalili. Waƙar fim ɗinmu ta tashi da nonon waƙar Indiya, mai jan murya da lanƙwasa ta sau uku sau huɗu a kan gaɓa ɗaya. Duk lanƙwasa guda, na'urar sai ta daddatsa ta, ta fito kamar ana kaɗa gilashi. Rerawar Abzinawa ma mai lanƙwasa ce. Shi ya sa da aka ɗora wa Mdou, abin ya zauna daram kamar don shi aka yi.

Kundin bai fita kasuwa a hukumance ba a lokacin. Ya bi hanyar da waƙa ke bi a Sahel: daga waya zuwa waya, daga memori zuwa memori, a tasha, a cikin motar haya, a majalisar shayi. A nan Gombe ma mun san masu tura waƙa, yaro da kwamfutar tafi-da-gidanka a ƙarƙashin lema a bakin Tashar Dukku, ka ba shi 'yan canji ya cika maka memori har ya yi amai. Mai lema ya samu, mai waya ya ji daɗi, mawaƙi ko sisi. Sau da yawa ko sunansa ba ya biyo waƙar. Haka waƙar Tahoultine ta yi ta yawo har ta kai Kidal a arewacin Mali, inda wani Ba'amurke ɗan birnin Portland, Christopher Kirkley, yake zaune yana kwafar abin da ke cikin wayoyin mutane. Ya tattara wasu ya fitar da su a faifan garmaho a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, a ƙaramin kamfaninsa Sahel Sounds. Waƙar Mdou ce ta fi jan hankali, fayil ɗin kuma ba ya ɗauke da komai sai guntun suna. Sai da ya sha nema kafin ya gano mai ita. Kamfanin nan dai shi ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa a 2013 mai suna Harafin So, ya kuma sake buga tsohon kaset ɗin Mamman Sani na Yamai, wanda tun 1978 yake kiɗa da fiyanon lantarki. Wato abin da muke ji a shagon aski ba mu ko ɗaga kai, a can ana saye a adana kamar kayan tarihi.

To, da Bature ya zo neman mai muryar na'ura, sai ya tarar da wani mutum daban: makaɗin biki a Agadas.

Bikin Agadas ba ya yiwuwa sai da jita. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a ta da janareta, a jona amfilifaya wadda ƙura da zafi suka gama cinye ta, a ƙure mata murya don na bayan fage su ji. Amfilifaya kuwa in aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sautin sai ya dushe ya fashe, ya riƙa gurnani. Ka tuna lasifikar mai tallan maganin gargajiya a tsohuwar kasuwa idan ya ƙure ta yana ihu a kan maganin basir. Wannan tsagewar muryar ita ce. A wajen injiniya aibi ne. A kiɗan rok kuwa ita ce gishirin miya, har a 1964 makaɗin jitar ƙungiyar The Kinks ta Ingila ya sa reza ya tsaga lasifikarsa da gangan don ya sami irin wannan amo. Abin da Bature ya nema da reza, talauci da janareta sun ba samarin Agadas kyauta. Ga gasa tsakanin ƙungiyoyi, kowa na so a ce shi ya fi tayar da ƙura, don haka kiɗan ke fara wa a taƙame ya ƙare a guje. Kundinsa na 2013, Afelan, wanda aka naɗa kai tsaye a Cintabaradan, ya kama wannan yanayi: wani sashe jitar katako a natse, wani sashe gurnani zalla.

Saboda haka kalmar "ya koma rok" tana buƙatar gyara. Shi da kansa ya sha faɗa a hira cewa bai san takamaiman mene ne rok ba, salonsa kawai yake bugawa. Turawa suka laƙaba masa Hendrix na Sahara, saboda Jimi Hendrix, gwanin jitar rok na Amurka, shi ma bahago ne mai jitar Fender, alhali bai tashi da jin Hendrix ba. Daga baya ne ya ga bidiyon Eddie Van Halen, wani gwanin jitar rok, ya ɗauki dabarar nan ta ƙwanƙwasa tsirkiya da yatsu a kan wuyan jita ya zuba a cikin nasa.

Me ya sa haɗuwar ta zo da sauƙi haka? Kiɗan makarantar Turawa yana hawa matakai 7 kafin ya dawo kan sautin farko. Yawancin kiɗan Sahel, da na Abzinawa da namu na garaya da molo da gurmi, matakai 5 yake takawa. Kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka, wanda shi ya haifi rok, shi ma a kan 5 ɗin nan yake yawo. Shi ya sa da Turawa suka ji Ali Farka Touré na Mali suka ce bulus yake yi, shi kuma ya nuna musu cewa kayan gidansu ne. Sai kuma yadda Mdou ke bugawa: ba ya riƙe 'yar robar nan da makaɗan Turai ke kaɗa tsirkiya da ita. Babban yatsa na riƙe da tsirkiya mai kauri tana gunji ba ta canzawa, manuniya tana fizgar sauran, daidai yadda mai molo ke yi. Ɗauki wannan ka jona shi da wuta ka ƙure, kunnen ɗan Amurka zai ce ya san wannan, ko da bai taɓa jin sunan Agadas ba.

Abin da ya rage a cika shi ne ƙungiya. Ahmoudou Madassane yana jita ta biyu mai riƙe kari, Souleymane Ibrahim yana kan ganguna, sai wani Ba'amurke, Mikey Coltun, da ke buga jita mai kaurin murya wadda ake kira bes, kuma shi ne ke haɗa musu sauti. Mutumin nan kan taso daga Niyok ya sauka Yamai, ya hau bas ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Agadas don su yi atisaye su buga bukukuwa. A ganina bes ɗin nan ita ce ƙofar da rok ya shigo ta cikinta sosai. Makaɗan bikin Abzin sukan wadatu da jita biyu da ganga, kiɗan yana shawagi a sama kamar ƙura. Da aka sa masa bes sai ya sami ƙafafu, ya riƙa dukan ƙirji. A 2019 suka fitar da Ilana: The Creator, wanda suka naɗa a birnin Detroit, kundinsu na farko a cikakken situdiyo da cikakkiyar ƙungiya. A 2021 kamfanin Matador na Niyok, gidan 'yan rok tsantsa, ya fitar da Afrique Victime. Daga nan sai manyan dandali.

Ban manta da fim ɗin 2015 ba, wanda Kirkley ya shirya a Agadas, Mdou ya fito a matsayin jarumi a kan babur. Kwaikwayon fim ɗin Purple Rain ne na mawaƙin Amurka Prince, na 1984, kuma da yake an ce Tamashek ba ta da kalma guda ta launin nan da Turawa ke kira purple, sai aka sa masa suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wato ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Turawa sun yi ta dariyar sunan. Mu da muke cewa ruwan goro da ruwan toka da ruwan ɗorawa ba mu ga abin dariya ba. Amfanin fim ɗin dai shi ne ya tsayar wa duniya hoton Mdou a matsayin gwarzon jita, tun kafin kundayen rok ɗin su fito.

Akwai maganar kuɗi, kuma ba abin kunya ba ce. Memori ya ba shi suna daga Tawa har Kidal bai ba shi ko kuɗin shayi ba. A ƙasashen waje kuwa abin da ke biya shi ne tikitin shiga wasa da yawon gari-gari da sayar da faifai a bakin ƙofa. Wanda ya sayi tikiti yana so ya ga gumi. Mutum ɗaya riƙe da makirfo, kiɗa na fitowa daga kwamfuta, ba zai cika idon masu zuwa irin waɗannan wurare ba kamar mutum huɗu da rawuna suna dambe da kayan kiɗa.

Sai dai dalilin da ya fi ƙarfi a wurina ba kuɗi ba ne, harshe ne. A waƙar Hausa kalma ce sarki, kiɗa jakinta ne. Shata da kalangu kawai ya riƙe ƙasar nan shekaru, don abin da ake bi shi ne me ya ce, wa ya yaba, wa ya yi wa habaici. Fiyanon situdiyo ma aikin da yake yi ke nan, ya shimfiɗa tabarma murya ta zauna. Kada wani ya ce kiɗan na'ura ba ya ɗaukar zafi. Duk wanda ya ga kakar zaɓe a Gombe, motoci da lasifika suna zagaya Pantami da Bolari, ya san fiyano na iya ɗaukar zagi har da na kakanni. Amma yana ɗauka ne ga wanda ke jin yaren. Anar ma haka take, an yi ta ne don Ba'abzinen da zai ji kowace kalma ta bege ya tuna da wata. Ranar da Mdou ya tsaya a gaban dubban mutanen da ba su san ko "sannu" da Tamashek ba, kalma ta faɗi daga karaga. Dole wani ya karɓi aikinta. Jita ta karɓa. Shi ya sa baitoci suka gajarce, kukan jita ya tsawaita, har waƙar Afrique Victime ta haura minti 7, kusan rabinta ba murya. Tana magana ne a kan abin da aka yi wa Afirka, musamman ta hannun Faransa, ƙasar da daga 1971 kamfanoninta suka shafe shekaru suna haƙar yuraniyom a Arlit alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su san wutar lantarki ba. Ɗan Amurka ba ya jin wannan bayani, amma idan jitar ta fara kururuwa ya san ba waƙar soyayya ake yi ba.

Na gwada abin a kan ɗan yayana, mai ɗan situdiyo a Jekadafari, inda yake yi wa amare waƙar biki da 'yan takarar kansila. Na fara sa masa ta Sakkwato. Ko minti ɗaya ba a yi ba ya fara bin ta da yatsu a kan fiyano, ya ce, "Baffa, wannan ai aikinmu ne. Na ma san gangar da aka sa. Sai dai tsohon yayi ne." Na sako masa ta biyun. Ya saurara cikin ladabi, irin sauraron da yaro ke yi wa babba in ya kawo shirme, can ya ce, "Baffa, hannunsa kam ba dama. Amma ina amshin? A ina mata za su shiga? Wa zai hau wannan a TikTok?" Sannan ya lissafa mini da yatsu: mutum huɗu, kowa da kayansa, kowa da cikinsa, ga wurin atisaye, ga man janareta na awa uku kullum. Shi kuwa shi kaɗai da kwamfuta yana fitar da waƙa biyu a yini.

Ban iya musa masa ba. Jita a Gombe tana da gidanta, amma ba a bikin Hausawa ba. Ka je Billiri ko Kaltungo ranar Lahadi ka ji yadda matasan coci ke sarrafa ta, da waƙoƙin Hausa kuwa. Marigayi Bala Miller ya yi waƙoƙin Hausa da cikakkiyar ƙungiyar kayan zamani tun shekarun baya. Duk da haka kunnen ɗan cikin gari bai ɗauke ta a matsayin tasa ba. Ga shi Agadas gari ne da Hausa ce yaren kasuwarsa, Mdou ya cika dandali a Amurka da Turai, amma ka tambayi samari goma a Gombe da wuya ka sami ɗaya da ya san sunansa. Waƙarsa da za su iya ɗauka tasu ita ce wadda ya baro a baya.

Ba shi ne farkon wanda ya bi irin wannan hanya ba, kuma ba kowa take ɓullewa da shi ba. David Bowie na Ingila ya yi kundaye masu nauyin na'ura tare da Brian Eno a 1977, zamanin zamansa a Barlin, masana suka yaba, sannan a 1983 ya kira Nile Rodgers suka yi Let's Dance mai sauƙin rawa, ya sayar fiye da duk abin da ya taɓa yi, daga baya kuma ya riƙa nuna bai ji daɗin inda nasarar ta kai shi ba. Moby na Amurka ya ajiye kiɗan na'ura a 1996 ya ɗauki jita, masoyansa na da suka watse, sababbi ba su zo ba, sai da ya koma wa na'urarsa a 1999 kafin ya farfaɗo. Bambancin Mdou da su shi ne, su sun canza kiɗa a gaban jama'a ɗaya, shi kuwa jama'ar ce ta canza a gabansa.

Idan aka tambaye ni, kundayen rok ɗin sun fi ƙwarewa, ba tantama. Amma akwai abin da ya zube a hanya. Anar tana da wani kaɗaici, muryar saurayi a ɗan ɗaki a garin da ba nasa ba, na'ura na karkarwa da ita kamar mai jin sanyi. Wannan ba ya rayuwa a gaban taron dubbai. Ina zaton shi ma ya san da haka, don bai taɓa sakin ɓangaren taushin gaba ɗaya ba. A 2017, tsakiyar hawansa, ya yi Sousoume Tamachek shi kaɗai, a natse, kamar hirar dare.

Ƙaddara ma ta sake mayar da shi can. Suna cikin yawon wasa a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Aka rufe iyakoki, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, mutum uku na ƙungiyar suka maƙale a ƙasar mutane ba hanyar gida. A lokacin sun riga sun gama naɗar Funeral for Justice, kundinsu mafi zafi, wanda ya fito a watan Mayun 2024, da waƙa sukutum a kan Faransa da wata da ke roƙon Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. A cikin wannan zaman jiran suka shiga wani situdiyo a Niyok suka sake buga waƙoƙin da jitar katako, ba gurnani, ba gudu. Shi ne Tears of Injustice, da ya fito a farkon 2025.

Da na ba mai gadinmu labarin wannan na ƙarshen, ya ce bai taɓa ji ba, wayarsa ba ta hawa intanet. Ya zare memorin ya naɗe a takardar sukari ya ba ni. Na kai wa ɗan yayana, ya tura masa duka, har da na rok ɗin da ba shi da su. Daren da na mayar, muka sa a waya muna jiran shayi na uku ya nuna. Na leƙa fuskar wayar don in ga sunan waƙar da ke tafiya, sai na ga yadda yaron ya rubuta su a jere: Buzu jita 1, Buzu jita 2, Buzu jita 3.